Fuskar da Mai Hoto Ya Daina Ɗauka

Duk wanda ya tashi a layin nan ya san shagon Mai Hoto, wanda ke maƙale tsakanin na Tela da na mai sayar da magani. Yau an mayar da wurin shagon sayar da caja da murfin waya, amma har yanzu da wuya a shiga gida a unguwar ba a tarar da aikin hannun dattijon rataye a bango ba. Shi ya ɗauki iyaye ranar da suka gama makaranta, ya ɗauki 'ya'yansu suna rarrafe, ya kuma rayu har ya ɗauki jikoki. Sai dai akwai fuska guda da ya yi shekaru masu yawa bai ɗora idon kyamara a kanta ba, ita ce ta Auta, 'yar cikinsa, wadda a da ya fi ɗaukarta fiye da kowa a duniya.

Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a hannun wani tsoho mai kyamara irin wadda ake lulluɓa kai da baƙin ƙyalle kafin a ɗauka. Da ya buɗe nasa shagon, sai ya yanke wani lungu da katako ya mayar da shi ɗakin wanke hoto. A ciki akwai jan ƙwan fitila, da faranti uku na ruwan magani mai hawa kai, da igiya wadda yake shanya hotuna a kanta da maƙalan shanya, kamar kayan jarirai. Yakan ce babu abin da ya fi so a duniya irin lokacin da ya tsoma farar takarda a faranti, ya tsaya yana kallon fuska tana fitowa a hankali, kamar mutum yana tasowa daga ƙarƙashin ruwa.

A wancan zamani zuwa ɗaukar hoto tafiya ce da ake yi wa shiri. Mutane sukan yi wanka, su fesa turare, sai ka ce ƙamshin zai fito a takarda. A bangon shagon akwai labule mai zanen matakalar bene da tafki da jirgin ruwa, a gefe kuma ga furen roba, da tarho marar igiya, da wata baƙar kwat wadda rabin samarin unguwa suka yi hoto da ita, da agogon hannu da ya daɗe da mutuwa. Mai Hoto zai zaunar da kai, ya taɓa haɓarka da yatsa ɗaya, ya ja da baya, ya karkata kai, ya sake dawowa ya gyara maka kafaɗa. Bayan ka tafi aikin gaske yake farawa. Da siririn fensir da ɗan buroshi yake bin fuska, ya share ƙuraje, ya rufe tabo, ya haskaka ƙasan ido.

"Wanda yake son ganin kansa yadda yake, ai madubin gida ya ishe shi," in ji shi. "Wanda ya tako zuwa wurina, so yake ya ga yadda zai so a tuna da shi."

Tela kuwa, abokin zamansa a benci, ba ya barin wannan magana ta wuce. "Ni da kai duk maƙaryata ne," yakan ce, yana tsinke zare da haƙori. "Ni in ɓoye tumbi, kai ka ɓoye ƙuraje. Bambancinmu kawai, ƙaryata ana wanke ta a sake sawa."

"Taka tana yagewa a hammata," Mai Hoto zai mayar masa. "Tawa sai jika ya gada."

Kowane mai hoto yana da tagar gilashi inda yake jera aikin da ya fi alfahari da shi, domin masu wucewa su gani su shigo. Matsalar ita ce ba kowa ke son a kafa fuskarsa a bakin titi ba, saboda haka masu sana'ar suka saba sanya 'ya'yansu, tunda ba sai an nemi izinin kowa ba. Yayyen Auta maza ne, ba su iya zama wuri ɗaya ba, ita kuwa tun tana zanin goyo kyamara ke sonta. Layin nan gaba ɗaya a taga ya ga girmanta: ga ta da haƙora biyu, ga ta riƙe da tarhon nan marar igiya tana ta zuba masa surutu, ga ta da giɓi, ga ta da jakar makaranta da ta fi ta faɗi. Idan an tashi daga makaranta shago take wucewa, ta hau doguwar kujera tana lilo da ƙafafu, tana yanke hotunan fasfo da almakashi. Ta iya kwaikwayon mahaifinta har ta sa Tela ya ajiye allura don dariya. Mama, wato mahaifiyarta, takan ce wannan yarinya ba ita ta haife ta ba, a farantin magani aka wanko ta.

Sannu a hankali zamani ya juya. Kyamara ta shiga aljihun kowa, ɗakin wanke hoto ya koma wurin ajiye tarkace, kwamfuta ta maye gurbin fensir da buroshi. Masu zuwa suka ragu, sai masu neman hoton fasfo da 'yan tsirarun da ke son a ɗaura musu firam. Wani abokin sana'a ya ba shi shawara ya buɗe wa shagon shafi a intanet. Da aka nuna masa yadda abin yake, sai ya gyaɗa kai ya ce ai ya gane, taga ce, sai dai ta fi tasa faɗi. Abin da yake sawa a taga kuwa shi ya sa a can. Ya ɗauki Auta a bakin ƙofar makarantarsu da safe, lokacin da haske ya fi kyau, sanye da kayan makaranta, tambarin makarantar ya fito ɓaro-ɓaro a ƙirjinta, har ana iya karanta rubutun. Wannan fitowar rubutun ita ce abin da ya fi yi wa Tela kuri da ita. A ƙarƙashin hoton aka rubuta lambar wayar shago. Wayar shago kuma, daga an tashi makaranta, a hannun Auta take wuni, domin ta fi shi saurin karanta saƙo da mayar da amsa.

Abu ɗaya ne bai zo masa a rai ba. Tagar gilashi, daga inda yake zaune yana ganin duk wanda ya tsaya kallo, idan tsayuwar ta yi yawa ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya?" Wannan sabuwar tagar kuwa, ana ganinka ne kai ba ka gani.

Auta tana da shekara goma sha uku saƙon ya fara shigowa. Mai rubutun ya ce shi mace ce, ma'aikaciyar wani kamfani mai ɗinka tufafin yara, suna neman yarinyar da za ta yi musu talla. Ya fara da yabon aikin mahaifinta, ya ce bai taɓa ganin mai hoto mai hannu irin nasa ba. Ya ce idan aka zaɓe ta, duk aikin ɗaukar hoton kamfanin shagonsu za a ba, amma kada ta faɗa wa Baba tukuna, ta bari a yi masa albishir rana ɗaya. Yarinyar ta san halin da shago yake ciki, tana ganin mahaifinta yana wuni yana goge gilashin da ba wanda ya taɓa. Don haka ta riƙe sirrin da murna, tana share saƙonnin kafin ta mayar da wayar. Da farko hoton fuska aka nema. Daga baya aka nemi wanda bai kamata a nema daga yarinya ba, da sunan awon kaya. Ranar da ta ce ba za ta ƙara ba, kura ta yar da fatar akuya. Ya gaya mata shi namiji ne, ya ce abin da ta riga ta aiko zai liƙa shi a shafin mahaifinta kowa ya gani, kuma ya san makarantarsu, ya san ƙofar da take fitowa, ya san lokacin tashi.

Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma babu wanda ya kai Mai Hoto sanin fuska a layin nan. Ya ga abin, ba za a ce bai gani ba. A lokacin yana ɗaukarta kusan duk mako domin sabunta shafin, ya buɗe hoton a kwamfuta ya ƙara masa girma har ƙwayar idonta ta cika gilashi. Ya ga ƙasan idon ya yi duhu, ya ga kumatu sun faɗa, ya ga murmushin ya tsaya a leɓe bai hau sama ba. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi: ya haskaka duhun, ya cike kumatun, ya ɗan ɗaga gefen baki. Ya ce wa kansa jarrabawa ce ta matso. Mama ta ce girma ne, duk 'ya mace sai ta bi ta nan. Haka fuskar yarinyar ta yi ta kawo masa ƙara, shi kuma yana sharewa yana yaba kyan aikinsa.

Wata safiya Auta ta shirya tsaf, ta rataya jaka, ta zo bakin ƙofar gida, sai ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ta zame ta zauna a dokin ƙofa, ta fashe da kuka. Mama ba ta yi mata tsawa ba, ta ajiye tsintsiya ta zauna kusa da ita a ƙasa, ta ja kan yarinyar ta ɗora a cinya, har yarinyar ta gaji da kuka ta fara magana. An je wurin 'yan sanda, an ba da wayar, an yi ta zirga-zirga. Can daga baya aka aiko musu cewa an kama mutumin a wani gari mai nisa, tare da hotunan yara da yawa waɗanda iyayensu ba su san komai ba. Mai Hoto bai taɓa ganinsa ba. Mutumin da ba ya manta fuskar da ya ɗauka ko sau ɗaya ya rasa fuskar da zai tsana, sai tsanar ta juyo ta zauna a kansa.

Bai zagi Auta ba, bai ɗaga mata murya ba, bai ma ce mata komai ba. A ranar da abin ya fito ya sa aka rufe shafin. Ya buɗe tagar gilashi ya kwashe hotunanta kaf, tun daga mai haƙora biyu har zuwa na ƙarshe, ya zuba a kwali ya ɗora a saman kabad. Ya hana ta riƙe waya, ya hana ta zaman shago. Daga ranar bai ƙara ɗaukarta ba. Ta gama sakandare, ya aika abokin sana'a. Ta gama makarantar koyon jinya, ya ce idonsa ya fara hazo. Ranar aurenta ya ce hannunsa yana rawa, alhali a makon ya ɗauki ɗaliban aji guda ba wanda ya fito a karkace. Tsakaninsu babu faɗa. Tana gaishe shi a durƙushe, yana amsawa da sa albarka, ya tambaye ta aiki, ta tambaye shi ƙafa. Idan tana magana yakan dubi hannunta, ko bango, ko takalminsa.

Auta ta zama ma'aikaciyar jinya a sashen yara. A nan ta fara faɗakarwa, da iyaye mata masu jiran layi, tana ganin yaro riƙe da wayar uwarsa sai ta ja kujera ta zauna. Daga baya ta haɗu da wasu waɗanda irin abin ya taɓa samu, maza da mata, suka riƙa zagaya makarantu da tarukan iyaye. Maganarta ba ta da ado. Takan ce kada a sa hoton yaro da tambarin makarantarsa. Takan ce duk babban da ya ce wa yaro "kada ka faɗa a gida" ya riga ya faɗi ko shi wane ne. Takan ce wa iyaye, idan yaro ya zo da irin wannan labari kada abin farko ya zama ƙwace waya, domin tsoron ƙwacewar da tsoron kunya su ne igiyar da mugu yake ɗaure yara da ita. Har gidan rediyo aka gayyace ta, ta ba da labarin wata yarinya ba tare da ta ce ita ce ba. Idan shirin ya zo, Mai Hoto yakan miƙa hannu ya rage murya, amma Mama ta lura bai taɓa kashewa ba.

Wata rana da yamma ta shigo shago da fararen kayan aikinta, ta gaishe da Tela a waje, ta zauna a doguwar kujerar nan wadda yanzu ƙafafunta suke kaiwa ƙasa.

"Baba, alfarma na zo nema."

"Allah ya sa ina da ita."

"Za mu yi taron iyaye a tsohuwar makarantarmu. Wannan karon ba zan ce wata yarinya ba, zan ce ni ce. Za a buga takardar sanarwa da hotona a liƙa a unguwa. So nake kai ka ɗauka."

Ya ɗauki ƙyalle ya shiga goge teburin da ba ƙura a kansa. "A wannan unguwar? Inda kowa ya san gidanmu? Auta, abin da Allah ya rufa, ke ce za ki kware da hannunki?"

"Idan na ce wata yarinya, Baba, kowa sai ya ce 'yar wasu ce, ta wani gari, wadda ba a yi wa tarbiyya ba. Idan suka ga 'yar Mai Hoto ce, wadda suka sani tun tana giɓi, za su koma gida su dubi nasu."

"Asiri ba abin wasa ba ne."

"Ai ba asirina ba ne. Nasa ne, ni nake ta rufa masa."

Ya ci gaba da goge teburin. Daga ƙarshe, idonsa a kan ƙyallen, ya ce, "Ba zan hana ki ba, kin girma, kina da miji. Amma ba da kyamarata ba."

Ta tashi ta yi masa sallama yadda ta saba, ta fita.

Ba a jima ba fastocin sanarwar taron suka bayyana a layin. Tela ne ya fara gani, ya shigo yana riƙe ciki don dariya, ya kama hannun rigar abokinsa ya ja shi har jikin bangon mai magani. Mijin Auta ne ya ɗauki hoton da wayarsa. Mutumin kirki ne, mai gyaran lantarki, amma ya tsayar da ita ne taga tana bayanta, fuskar ta yi baƙi ƙirin sai fararen idanu. Ya yanke saman ɗankwalinta. Wata wayar wuta da ke bango ta fito kamar daga kunnenta take tsirowa, hoton kuma gaba ɗaya ya jirkice, sai ka ce a jirgin ruwa aka ɗauka.

"Wane ne ya yi wannan aika-aika?" in ji Mai Hoto.

"Surukinka. Ai ya yi ƙoƙari, har sana'arsa ya sa a ciki. Ka ga waya a kunne, saura ƙwan fitila a ka."

"Haske a baya! Ko yaron da ya fara koyo jiya ya san ba a ba wa haske baya!"

"To ya za a yi? Yarinya ba ta da wanda ya iya hoto a danginsu." Tela ya gyara tabarau ya ƙara matsawa. "Ɗazu wata ta tsaya a nan tana tambaya ko sanarwar cigiya ce. Na ce a'a, 'yar Mai Hoto ce. Ta ce wane Mai Hoton? Na ce wancan, wanda ya gyara wa duk unguwa fuska. Wanzami dai ba ya son jarfa."

Mai Hoto ya koma shago ya zauna ya juya wa titi baya. Bai yi minti nawa ba ya sake fitowa ya dubi bangon, ya yi tsaki, ya koma. Haka ya wuni. Da ya isa gida ko ruwa bai sha ba ya ce wa Mama, "Ki gaya wa 'yarki ta zo gobe da hantsi. Ta sa mayafi mai haske, ban da fari. Ba don komai ba, don kada a ce a layina aka liƙa wannan abu."

Mama ta ce to, ta juya fuska don kada ya ga bakinta.

Da Auta ta iso ta tarar ya naɗe labulen bene da tafki ya rataya toka-toka marar zane, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya kunna fitilu. Ya yi ta kai da kawo, ya matsar da wannan fitila, ya sauke waccan, ya ce kujera ta yi tsawo, ya sauya wata. Ita dai tana zaune tana kallonsa. Da dabara ta ƙare masa, ya sunkuya ya sa ido.

Abin da ya gani ba yarinyar da ya sani ba ce. Mace ce cikakkiya, mai haɓa irin ta mahaifiyarsa, da wani siririn layi tsakanin gira wanda bai san ranar da ya fito ba. Tana kallon idon kyamara kai tsaye, ba ta ƙifta ba. Yatsansa yana kan maɓalli, ya kasa dannawa.

"Baba," ta ce a hankali, ba ta motsa kai ba, domin ta san dokar shagon. "In tambaye ka wani abu?"

"Ina ji."

"Ranar da ka kwashe hotunana daga taga, me ya sa?"

Ya amsa daga bayan kyamara, da yake nan ne kawai zai iya. "Don kada wani ido ya ƙara sauka a kanki. Ni na kafa ki a bakin titi, ni na rubuta wa mugun nan lamba."

"Ni kuwa na zaci kunyata kake ji. Na biyo ta layin na ga tagar wayam, na ce shi ke nan, na zama abin ɓoyewa. Abin da mutumin nan ya yi, Baba, na daɗe da samun inda na ajiye shi. Tagar ce ban samu inda zan ajiye ba."

Ya ɗago. Bai dubi hannunta ba, bai dubi bango ba. Ya zaro hankici ya share ido, ya ce fitilun nan na zamani zafi gare su. Sannan ya tako, ya sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin haɓarta ya ɗan juya ta wajen haske, yatsan ya jima a wurin fiye da yadda aikin yake bukata.

"Kunyar wa?" ya ce da ƙyar. "Ke da kika yi don ki ceci shagona?"

Ya koma ya danna.

Da suka buɗe hoton a kwamfuta, hannunsa ya nufi wurin gyara da kansa. Ta dafa shi.

"Kada ka taɓa."

"Ƙasan idon kawai, Auta. Ɗan kaɗan. Ba wanda zai sani."

"Na tsayuwa a kan yara marasa lafiya ne, da gumina na samo shi. Bar mini abina."

"Layin goshin fa?"

"Wannan kuma gadonka ne. Dubi madubi."

Ya yi dariyar da ta zo masa da tari, ya janye hannu ya sa a aljihu, ya ce wannan ne hoto na farko da zai fita daga shagonsa tsirara, Allah ya rufa asirin sana'a.

Shi da kansa ya kai wurin bugawa, ya tsaya a kan ma'aikatan har sai da launin fata ya fito daidai. Mijin Auta ya zo cikin ladabi ya ce a ba shi ya liƙa, dattijon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai dai ka riƙe wutarka, Allah ya yi maka albarka." Da rana tsaka, lokacin da layin ya fi cika, ya fito da fastoci a hammata, Tela yana biye da shi da gwangwanin gam yana mitar an raba shi da ɗinkin mutane. Suka jawo benci jikin bangon mai magani, Mai Hoto ya hau da ƙafarsa mai ciwo, ya shafa gam a kan tsohon, ya ɗora sabon.

Wani maƙwabci, mai 'ya'ya mata a makarantar, ya tsaya da kekensa ya karanta rubutun tun daga sama har ƙasa. Ya dubi hoton, ya dubi dattijon, ya rage murya kamar mai ta'aziyya.

"Malam, wannan ba 'yar wajenka ba ce? Da saninka za ta fito ta faɗi irin wannan a gaban jama'a?"

"Ita ce," in ji Mai Hoto, bai rage tasa muryar ba. "Ni na ɗauka. Jingine keken ka riƙe mini wannan gefen, iska tana ɗagawa."

Mutumin ya jingine keken, ya miƙa hannu ya danne gefen takardar.

"Sama kaɗan. Yauwa. Ranar taron ka zo da maiɗakinka, ku zo da wuri, ni ma a gaba zan zauna. Tela, miƙo gam, saura bangon makaranta."